Ko Daidai Ne A Ba Yaro Maganin Baƙin Ciki?

Akwai wata tambaya da iyaye masu bi suka fara kawo wa fastoci da dattawan ikilisiya, wadda kakanninmu ba su taɓa yin irinta ba. A ce yarinya ce 'yar shekara 15. Ta rage cin abinci, ta daina zuwa makaranta, ba ta barci, kullum tana ƙuryar ɗaki, da an yi mata magana sai kuka ko faɗa. An yi addu'a, an yi nasiha, an kai ta asibiti an auna jini ba a sami zazzaɓin cizon sauro ba. A ƙarshe nas mai lura da masu ciwon ƙwaƙwalwa ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta magani. Sai uban ya ɗauki takardar ya nufi gidan fasto. Ko daidai ne Kirista ya ba 'yarsa ƙwaya saboda baƙin ciki? Ashe wannan ba aikin addu'a ba ne?

Kada mu yi wa wannan uba dariya. Kalmar ƙwaya ta riga ta ɓaci a bakinmu. Duk wanda ya zauna a zangon Yendi ko Bawku ya san abin da ake nufi in an ce yaron wane yana shan ƙwaya. Tun wajen 2017 Tramol ya zama annoba ga samarin arewacin Gana, a watan Fabrairu 2025 kuma BBC ta nuna yadda ake shigo da wasu ƙwayoyi masu sa maye daga Indiya, da yadda suke lalata samari a Tamale. Uban da ya ga ɗan maƙwabcinsa yana tangaɗi a bakin tasha, ba mamaki ya ji tsoron duk abin da aka ce zai taɓa hankalin 'yarsa. Sai dai maganin damuwa jinsinsa dabam ne. Ba ya bugarwa, ba ya sa nishaɗi nan take, mai neman maye ba zai sami kome a cikinsa ba. Yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye, kafin a ga alamar aikinsa. Tsoron uban yana da tushe, amma ba a nan haɗarin yake ba. Domin mu gane inda yake, sai mun dubi ƙasashen da suka riga mu shiga wannan hanya.

A ƙarshen 1987 Amurka ta amince da wani sabon magani mai suna fuloksetin, wanda aka fi sani da sunan kasuwa Prozac. Da shi da 'yan'uwansa da suka biyo baya an yi su ne domin manya, amma likitoci suka shiga rubuta wa yara, tun kafin a gwada a ga ko suna yi musu amfani. Sai a 2003 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a ba da fuloksetin ga yara masu shekara 8 zuwa sama. A wannan shekara kuma hukumar Birtaniya ta hana ba wa 'yan ƙasa da shekara 18 wani maganin mai suna Seroxat, kafin shekarar ta ƙare ta haɗa da sauran irinsa, ta bar fuloksetin kaɗai. Dalili kuwa shi ne an gano cewa waɗansu yaran da suka fara sha, tunanin kashe kansu ya ƙaru. A 2004 Amurka ta tattara gwaje-gwaje 24 da aka yi a kan yara kimanin 4,400. Cikin kowane ɗari da suka sha maganin, kamar 4 suka nuna irin wannan tunani ko yunƙuri. Cikin ɗarin da aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta, 2 ne. Ba wanda ya mutu a gwaje-gwajen, amma hukuma ta sa a buga gargaɗi cikin baƙin akwati a takardar kowane irin wannan magani, a 2007 kuma ta faɗaɗa gargaɗin har zuwa masu shekara 24.

Akwai kuma abin kunya a cikin labarin. Rahoton da aka buga a 2001 a kan gwajin Seroxat ga matasa ya ce maganin yana aiki, ba shi da wata babbar illa. Da waɗansu masana suka sake bin takardun asali a 2015, sai suka tarar bai fi ƙwayar banza amfani ba, illarsa kuma ta fi yadda aka faɗa. Kamfanin da ke yin sa, GlaxoSmithKline, ya biya gwamnatin Amurka dala biliyan 3 a 2012 saboda laifuffuka da suka haɗa da tallar wannan magani domin yara ba tare da izini ba. Wanda ya ce son kuɗi ba ya shiga ɗakin magani bai karanta wannan tarihi ba.

Bayan gargaɗin likitoci suka ja baya, amma ba da daɗewa ba. Tsakanin 2005 da 2012 yawan yara da matasa masu shan maganin damuwa ya ƙaru da kashi 54 cikin ɗari a Birtaniya, 60 a Denmak, 49 a Jamus, 26 a Amurka. A Ingila, cikin masu shekara 12 zuwa 17, adadin ya ninka har ya wuce tsakanin 2005 da 2017. A Amurka bayan annobar korona ta 2020 hauhawar ta ƙara sauri a wajen 'yan mata, a wajen samari kuwa ta ragu, abin da ya sa waɗansu likitoci suke zaton samarin sun daina zuwa asibiti ne kawai. Ƙorafin da ake yi a can shi ne wannan: layin masu jiran ganin mai ba da shawara yana da tsawo, likita kuwa minti goma yake da shi, rubuta takarda ta fi sauƙi.

To, maganin yana aiki ko kuwa? Wani babban gwaji da aka buga a Amurka a 2004 ya raba matasa 439 kashi huɗu na tsawon mako 12. Waɗanda aka haɗa musu fuloksetin da zaman tattaunawa da ƙwararre, 71 cikin ɗari suka sami sauƙi. Masu magani kaɗai, 61. Masu tattaunawa kaɗai, 43. Masu ƙwayar banza, 35. Mai karatu ya dubi wannan lamba ta ƙarshe da kyau. Fiye da sulusi sun farfaɗo ba tare da sun haɗiyi wani magani na gaske ba, illa dai ana ganinsu a kai a kai, ana tambayarsu yaya jiki, ana sauraron amsa, lokaci kuma yana yin nasa aikin. A 2016 aka haɗa gwaje-gwaje 34 a kan magunguna 14, aka ga fuloksetin kaɗai ne ya fi ƙwayar banza a wajen yara. Saboda irin wannan ne jagoran da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010 domin wuraren da ba su da ƙwararrun likitoci, ta kuma sabunta a 2016, ya ce kada a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 12 maganin damuwa. Ga wanda ya wuce haka, a fara da shawara da gyara halin da yake ciki. In hakan bai isa ba, a iya gwada fuloksetin, a kuma sa ido sosai.

Yanzu mu dawo gida, inda labarin ya juye. Gana tana da manyan asibitocin masu taɓin hankali guda uku na gwamnati: na Accra, na Pantang, da na Ankaful kusa da Cape Coast. Duka ukun suna kudu. Daga Bawku zuwa Accra ya fi kilomita 700. Mutumin Salaga, kafin ya kai Asibitin Koyarwa na Tamale, sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 100. Abin da yake kusa da mu shi ne nas ɗin lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin gunduma, da jami'an da ake horarwa a kwalejin lafiya ta Kintampo, da ƙungiyoyi irin su BasicNeeds wadda ta fara aiki a arewa a 2002, da aikin Firesbiteriyan na Garu da Sandema. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta 2012 ta ce kulawar kyauta ce, a watan Nuwamba 2024 kuma aka shigar da ciwon damuwa cikin inshorar lafiya ta ƙasa. Amma sau da yawa maganin yakan yanke a asibiti, a ce wa mutum ya je kemis ya saya. Wanda aka fi samu da araha shi ne tsohon magani amitiriftilin, wanda gwaje-gwaje ba su nuna yana taimakon ƙananan yara ba, wanda kuma in an sha da yawa a lokaci guda yana iya tsayar da zuciya. Ashe ke nan su can suna kukan yawa, mu nan yaron da yake bukatar maganin da gaske da ƙyar ya same shi, in ya samu ma wataƙila ba wanda ya dace ba.

Inda babu likita, ai ba a zauna haka ba. Ana kai yara wurin boka, wurin malam, da sansanonin addu'a. A 2012 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton abin da ta gani a irin waɗannan sansanoni a kudancin Gana: mutane ɗaure da sarƙa a jikin itace, ana tilasta musu azumi, har da yara a cikinsu. Masu wannan aiki da sunan Yesu suke yi, dole mu faɗa. A 2017 Hukumar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta haramta ɗauri da sarƙa, amma turu da mari sun girmi doka a ƙasarmu, ba su kuma ƙare ba. A Markus sura 5 mutanen garin ne suke ɗaure mutumin nan da sarƙa. Da Yesu ya gama da shi, an same shi a zaune, da tufafi, cikin hankalinsa, aka kuma aike shi gida wurin danginsa.

Tambayar uban ta farko ba ta da wuya. Littafi Mai Tsarki bai sa gaba tsakanin addu'a da magani ba. Sarki Hezekiya ya yi addu'a da hawaye, Allah ya ji, duk da haka annabi Ishaya ya sa a shafa curin ɓaure a kan marurun. Bulus yana kiran Luka likita da ƙauna, ya kuma ba Timoti shawarar abin da zai sha saboda cikinsa. Wanda ya ce shan maganin damuwa rashin bangaskiya ne, sai ya gaya mana me ya sa bai faɗi haka a kan maganin hawan jini da yake sha kowace safiya ba. Ƙwaƙwalwa gaɓa ce a jiki kamar hanta, tana iya yin ciwo. Abin da na fi so a lura da shi shi ne labarin Iliya a 1 Sarakuna 19. Annabin da ya kira wuta daga sama ya gudu jeji, ya kwanta gindin itace, ya roƙi mutuwa. Ba a tsawata masa a kan ƙarancin bangaskiya ba. An bar shi ya yi barci, aka tashe shi ya ci ya sha, ya sake barci, aka sake ba shi abinci. Sai bayan doguwar tafiya aka tambaye shi abin da ke damunsa, aka bar shi ya faɗa har sau biyu, sa'an nan aka ba shi aiki da abokin tafiya, wato Elisha. Barci, abinci, kunne, aiki, aboki. Nas ɗin da ya san aikinsa da waɗannan zai fara.

Tambaya mai wuya ita ce wadda uban bai yi ba: mene ne ainihin abin da ke damun yarinyar? Ruwa ba ya tsami banza. Ƙasarmu ta ba yaranta dalilan baƙin ciki da yawa. Waɗanda suke yara a lokacin yaƙin 1994, wanda ya tashi kusa da Bimbilla ya bazu zuwa yankunan Yendi da Salaga ya ci rayuka 2,000 ko fiye, su ne iyayen yau, yawancinsu kuma ba wanda ya taɓa zama da su ya tambaye su abin da suka gani. Yendi ta yi shekara 17 cikin zaman ɗar-ɗar, daga kisan Ya Na Yakubu Andani II a watan Maris 2002 zuwa naɗin Ya Na Abukari II a watan Janairu 2019. A Bawku rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya sake ɓarkewa a ƙarshen 2021, yara suka girma cikin dokar hana fita da ƙarar bindiga, a watan Yuli 2025 kuma aka kashe ɗalibai a makarantun sakandare na Bawku da Nalerigu. Ga 'yan matan da talauci yake turawa Kumasi da Accra ɗaukar kaya a ka. Ga wadda ake so a aurar ba da sonta ba. Ga wadda wani babba a cikin gida ko a makaranta, ko ma a majami'a, yake taɓa ta, ba ta da bakin faɗa.

Yaron da aka harbe abokinsa, in ya yi makoki, lafiyarsa ƙalau. Ba da ƙwaya domin a kashe wannan makoki zalunci ne, domin an mai da laifin manya ciwon yaro. Yarinyar da ake cin zarafinta, in an ba ta magani aka mai da ita gidan da abin yake faruwa, an yi wa mai laifin aiki. Amma kada mu tsaya a nan mu ce ai kowane baƙin ciki yana da dalili, saboda haka ba a bukatar magani. Baƙin cikin da ya fara da dalili yana iya zarcewa ya zama ciwo mai cin gashin kansa, kamar yadda ƙaramin rauni yake zama gyambo. In mako ya bi mako, wata ya bi wata, yaro ba ya jin daɗin kome, ba ya iya tashi, yana ganin kansa ba shi da amfani, yana maganar mutuwa, to, sanin dalilin bai isa ya ɗaga shi ba. A nan ƙin magani shi ma zalunci ne. Rarrabe waɗannan biyun ba aikin rana ɗaya ba ne, ba kuma aikin mutum ɗaya ba. Nas ya san ciwo, amma bai san gidan ba. Uwa da gwaggo da malamar makarantar Lahadi sun san gidan.

A ganina likitan Turai mai gaggawar rubuta takarda da mai sansanin addu'a mai gaggawar ɗaura sarƙa cuta ɗaya ke damunsu: kowannensu yana so yaron ya yi shiru da wuri. Mu ma a ikilisiya muna da tamu gaggawar. Mukan ɗora hannu, mu tsawata wa ruhun baƙin ciki, mu ce an gama, in yaron bai warke ba mu fara zargin bangaskiyarsa ko zunubin iyayensa. Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna da shi a ƙasa ba su ce uffan ba. Da suka buɗe baki suna neman laifinsa ne suka ɓata.

Gargaɗin nan na baƙin akwati, in an karanta shi da kyau, bai ce kada a ba da maganin ba. Cewa ya yi a lura da yaron sosai a makonnin farko, da duk lokacin da aka ƙara ko aka rage yawan abin da yake sha. A lura ko ya kasa zama wuri ɗaya, ko barci ya ƙaurace masa gaba ɗaya, ko ya shiga fushi ko zumuɗin da ba a saba gani ba, ko ya fara maganar mutuwa. Wato duk wanda ya yarda a ba yaro wannan magani ya ɗauki bashin zama kusa da shi. A Bawku ko Salaga, inda nas ɗaya yake da ƙauyuka da yawa a wuyansa, wa zai biya wannan bashi? A nan ne nake ganin aikin ikilisiya, aikin da ba ya bukatar kuɗin Turawa. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, gwajin da aka buga a 2016 ya nuna manyan da suka zauna da su sun fi samun sauƙi. Wace Zumuntar Mata ce ba ta da irin waɗannan iyaye? Kusa da mu ma, Dakta David Abdulai na Tamale, wanda ya buɗe asibitin Shekhinah a 1991 ya rasu a 2016, ya yi shekaru yana aika dafaffen abinci kowace rana ga masu taɓin hankali da ke kwana a titi. Ya san magani sarai, amma da tuwo ya fara.

Sauran magana ita ce ta yarda. A al'adarmu uba ne mai yanke shawara, yarinya ba ta musu. Amma jikinta ne maganin zai shiga, ita ce kuma kaɗai za ta iya faɗin abin da take ji a ciki. In an tilasta mata, za ta ɓoye ƙwayar a ƙarƙashin harshe, ko ta sha ta ƙi faɗin abin da ya canja, gaskiyar da ake bukata daga bakinta kuwa ita ce kariyarta. Ya kamata a gaya mata sunan maganin, da dalilinsa, da cewa ba zai yi aiki nan da nan ba, da cewa ana ci gaba da sha watanni bayan an sami sauƙi, ba a kuma yanke shi farat ɗaya. Ta kuma zaɓi babba guda wanda ta amince da shi, ko da ba mahaifiyarta ba ce. Akasin haka ma yana faruwa: yarinya tana so a taimake ta, uba ya ƙi saboda kada a ce akwai hauka a gidansa, a ƙi auren 'ya'yansa. A nan ina ganin fasto ba shi da ikon ya ce wannan maganar cikin gida ce. Sai ya je ya zauna da uban, in ta kama ya tafi da dattijon da uban yake jin kunyarsa, ya raka su asibiti da ƙafarsa.

Har zuwa 2023 wanda ya yi yunƙurin kashe kansa a Gana mai laifi ne a gaban doka, wannan ya sa iyalai da yawa suke rufe maganar. A watan Maris na shekarar Majalisar Dokoki ta soke wannan hukunci, yanzu mai yunƙurin majinyaci ne da za a kai asibiti. Masu bincike sun kuma nuna cewa tambayar yaro kai tsaye ko yana tunanin mutuwa ba ta sa masa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. A gidan da ake da irin wannan yaro, babba ne zai riƙe maganin ya riƙa ba shi na rana ɗaya ɗaya. Amitiriftilin ɗin da aka rubuta wa kaka saboda ciwon ƙafa ko rashin barci a kulle shi a akwati, haka ma maganin feshi na gona da aka saba ajiyewa a bayan ƙofa ko a rumbu.